Accar da Ta Ƙi Fitar da Kai a Ingila

Na sauka daga jirgin ƙasa a wani gari na arewacin Ingila cikin watan Oktoba na 1973, da akwatin ƙarfe ɗaya, da kwat ɗin da Fastonmu ya ara mini, da gwangwanin madara uku cike da irin acca. Shekarata talatin da huɗu. Kafin nan malami ne ni a wata kwalejin horon malamai kusa da Kafanchan, ina koyar da aikin gona. Na bar matata Saratu a gidan haya da yara biyu da cikin wata biyar, tana koyarwa a firamare. Iyayena kuwa suna ƙauyenmu, bayan Zonkwa. Gwamnatin jiha ta ba ni shekara uku in yi digirin dokta in dawo.

In faɗi gaskiya, ban san abin da na je yi ba. Duk karatun da na yi tun daga makarantar mishan iri ɗaya ne: a ba ka littafi, ka haddace, a yi jarrabawa, ka ci. Ban taɓa faɗuwa ba. Na ɗauka wannan ma haka yake, littattafan ne kawai za su ƙara kauri.

Abin da ya fara karya mini gwiwa ɗaki ne. Ofishin ɗalibai ya ba ni jerin gidajen da ke karɓar 'yan haya, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa. Inda duk na ƙwanƙwasa, sai a dube ni daga sama har ƙasa a ce an riga an kama ɗakin. Wata mata ma ba ta buɗe ba, labule kawai ta ɗaga ta sake. Kwana uku ina wannan yawo. A rana ta huɗu, ana yayyafi, na isa wani ƙaramin gida a gefen layin dogo. Wani tsoho ya buɗe, da lofe a bakinsa. Ya tambaye ni da Turanci daga ina nake, na ce Nijeriya.

"Ina a Nijeriya?"

"Ba za ka san wurin ba," na ce. "Kafanchan."

Ya cire lofen daga baki, ya tsaya yana kallona. Sai na ji ya ce da Hausa, "Sannu da zuwa. Shigo, ruwa yana dukanka."

Sunansa Mista Ata, haka ya ce ma'aikatan jirgi suke kiransa. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana gyaran injin jirgin ƙasa a Kafanchan kafin a ba mu mulkin kai. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Hausarsa ta ba da umurni ce, ba ta da roƙo a ciki. "Zauna. Sha shayi. Maza." Da farko abin ya riƙa sosa mini rai, domin na tuna irin Turawan da suke yi wa iyayenmu magana haka. Daga baya na gane iyakar abin da ya koya ke nan. Ya ba ni ɗakin sama, wanda tagarsa ke kallon layin dogo, kuma a can na zauna har na bar ƙasar.

Washegari na je wurin malamin da zai duba aikina, wanda zan kira Farfesa kawai. Dogo ne, ba ya son magana mai tsawo. Na fito da littafin rubutu na tambaye shi waɗanne littattafai zan karanta, kuma yaushe ne jarrabawar farko.

"Babu darasi," ya ce. "Babu jarrabawa sai ta ƙarshe. Abin da aka rubuta a kan accarka za ka karance shi cikin mako biyu. Ba a ba mutum wannan digiri don ya san abin da wasu suka rubuta. Ana ba shi ne in ya gano abin da ba a rubuta ba, ya kuma nuna hanyar da ya bi, yadda wani zai bi ta ya tarar da abin da ya tarar. Nan da shekara uku dole ka fi ni sanin acca. In ba ka fi ni ba, ba mu da abin ba ka."

Na rufe littafin ban rubuta komai ba. Da na fito na sami benci na zauna. Ni da na saba a gaya mini amsa in riƙe, yau an ce in nemo amsar da babu wanda ya san ta.

Muka shirya cewa zan shuka accar a ɗakin gilashi na jami'a, in ba ta taki iri-iri, in ta nuna in auna ƙwayar in ga wanne ya fi. Aikin gaba ɗaya a kan ƙwaya ya tsaya. In babu ƙwaya, babu abin aunawa, babu abin rubutawa.

Na shuka gwangwani na farko a Nuwamba. Ta tsiro da kyau, kore shar, har na rubuta wa Saratu cewa acca ta karɓi Ingila. A wannan hunturu ne masu haƙar kwal suka shiga rikici da gwamnati, aka riƙa ɗauke wuta. Injin da ke ɗumama ɗakin gilashi da wuta yake aiki. Wata safiya na shiga na tarar da tsiron duka a kwance, baƙi, kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Na bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga ganye da yatsa ko akwai mai sauran rai. Babu ko ɗaya.

Na jira sanyi ya wuce, na shuka gwangwani na biyu. Wannan karon ta yi girman da ban taɓa gani a gida ba, ganye ya cika tukwane har yana zubowa ƙasa. A ƙauyenmu, in acca ta yi wata uku zuwa huɗu, ka fara ganin kanta. Na ƙirga wata huɗu, babu komai. Wata biyar, wata shida. Kullum da safe nakan durƙusa in buɗa tsakiyar ganyen in leƙa, kullum ganye ne a cikin ganye. Na rage taki, na ƙara taki. Na rage ruwa. Na canja ƙasa. Na buɗe gwangwani na uku na shuka rabinsa, ita ma ta bi sahun 'yar'uwarta. Ana cikin haka Farfesa ya tafi Amirka na shekara guda, ya bar ni a hannun wani matashin malami mai binciken dankali. Duk lokacin da na je wurinsa, sai ya ce in ci gaba da gwadawa, idonsa a kan agogo.

Wasiƙun gida kuma ba su daina zuwa ba. Saratu ta haifi mace, Baba ya raɗa mata suna Turai, tunda a can ubanta yake. Ƙanena ya rubuta cewa duk ranar Lahadi sai an ambaci sunana a addu'a a majami'a, ana cewa Ubangiji ya taimaki ɗanmu da ke karatun dokta, domin daga duk yankinmu ba a taɓa samun wanda ya kai nan ba. Wasu ma har sun fara rubuta Dokta Ishaya a bayan ambulan. In na ga wannan sai in juya ambulan ɗin in kife. Ma'aikatar ilimi ta aiko tana son rahoton inda aiki ya kai. Na yi kwana tara ina rubuta shafi ɗaya, don in faɗi gaskiya ba tare da gaskiyar ta fito fili ba. Abinci ya daina shiga. Na rame har kwat ɗin Fasto ya koma kamar na rataye shi a ƙusa. Mista Ata yakan tura mini faranti ya ce, "Ci. Ba ka ci, ba ka aiki."

A watan Maris na 1975 wasiƙar ƙanena ta zo cewa Baba ya rasu. Lokacin da ta iso hannuna ya yi mako uku a kabari. Ƙanen nawa ya rubuta cewa kwana biyu kafin Baba ya cika ya tambaya ko Ishaya ya gama, suka ce masa saura kaɗan. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na naɗe, na sa a aljihu, na tafi ɗakin gilashi domin ban san inda zan je ba. Na tsaya a tsakiyar ganyen nan da ya ƙi haihuwa, shekara ɗaya da rabi na rayuwata, na rasa ko kuka zan yi.

Bayan wata guda na je Landan sabunta takarduna. A layin ofishin na ji an kira ni da sunan da ake kirana a makarantar mishan. Sila ne, wanda yake gaba da ni da aji ɗaya, ɗan wani ƙauye kusa da namu. Ya yi ƙiba, yana sanye da kwat mai tsada. Ya miƙo mini katinsa, na ga an rubuta Dokta a gaban sunansa. Ya ja ni wani ɗan gidan abinci na mutanenmu, ya sa aka kawo teba da miya mai yaji. Rabona da yaji tun gida. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na gaya masa komai, har rasuwar Baba.

Ya saurara har na gama, ya goge hannu, ya ce, "Malam, kai ma da wahalar da kai. Kana tsammani duk masu dawowa gida da Dokta ciyawa suka shuka? Akwai wata kwaleji a nan, suna duba ilimin da mutum ya riga ya tara su ba shi takarda. Kai ba ka da ilimin? Shekara nawa kana koyarwa? Wa zai tambaye ka a Kaduna? Ko wa zai tambaye ka a Zonkwa?"

"Ba daidai ba ne," na ce.

"Daidai shi ne ka koma hannu wofi, tsohuwarka ta rasa inda za ta sa fuskarta a majami'a? Ka yi tunanin matarka."

Kwalejin ɗaki ɗaya ce a saman wani shagon takalma. Wani Bature yana zaune da keken rubutu. Ya tambayi sunana da sunan bincikena, bai tambayi komai ban da wannan ba. Na ba shi abin da na ɗan ajiye. Ina saukowa daga matakala, Sila yana dafa kafaɗata yana cewa na huta. Ban sake ganinsa ba tun daga ranar.

Bayan mako biyu takardar ta zo ta gidan waya. Mai kauri ce, da hatimi mai ruwan zinariya da jan zare, sunana a tsakiya da manyan baƙaƙe. Ta fi takardar gaskiya da na samu daga baya kyau nesa ba kusa ba. Na sa ta a ƙasan akwati. Na zauna na rubuta wa Saratu cewa na gama, Ubangiji ya taimaka, ta sa ido a watan Yuli.

Kwana ashirin da uku na yi ina jiran amsa. In na ji motsin mai kawo wasiƙa sai in sauko in duba. Na riƙa shirya abin da zan faɗa a sujadar godiya, in na kai tsakiya sai in ga fuskar Mama a bencin zumuntar mata, in kasa ci gaba. Da amsar ta zo, gajeriya ce. Har yau tana wurina.

"Baban Alheri, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Wasiƙarka ta zo. Ban karanta wa Mama ba, ban kuma gaya wa Fasto ba. A wasiƙar da ta gabata ka ce accar ba ta fitar da kai ba, kuma sai ta fitar za ka sami abin aunawa. Yanzu ka ce ka gama. Ni ban yi karatu kamarka ba, amma na san acca. In ka gaji ka dawo haka nan, ni da yara za mu tarye ka a tasha, ka koma aji ka koyar, za mu ci abinci. Amma kada ka kawo mini abin da zai sa in riƙa sunkuyar da kai duk ranar da aka kira ni matar Dokta. Ka rubuto mini gaskiya."

Da rana ne, Mista Ata yana zaune gaban murhun kwal yana karanta jarida. Na hau sama na ɗauko takardar, na sauko na cusa ta cikin wuta. Ta daɗe ba ta kama ba saboda kauri. Ya sauke jaridar yana kallo.

"Mene ne wannan?"

Na gaya masa duka. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba. Ya ɗauki ƙarfen tona wuta ya danna sauran takardar cikin garwashi, ya ce, "To. Rubuta wa uwargida."

Na rubuta mata gaskiya, shafi shida. Na ce irin da ya rage mini rabin gwangwani ne, kuma ban san abin da ke damun accar ba. Da aka yi hutun makaranta ta ɗauki yara ta tafi ƙauye, ta zauna da Mama ta fassara mata abin da ya shafi accar a wasiƙata da yarenmu. Ta rubuto mini abin da Mama ta ce. Wai da farko tambaya ta yi, daga wane rumbu na ɗebi irin. Da aka ce daga babban rumbu ne, sai ta ce ai wannan ba ta ƙirga wata. Ko ka shuka ta da ruwan fari, ko ka makara, ba ta fitar da kai sai damina ta juya, lokacin da rana ta fara saurin faɗuwa. Da daga ƙaramin rumbu na ɗeba, in ji ta, da tuni na ci tuwo.

Na karanta wa Mista Ata wannan wuri muna shan shayi. Ya sa na maimaita. Sai ya tashi ya ɗauki hularsa ya ce, "Kai ni in ga ciyawar nan."

Yana da ɗan fili a gefen layin dogo inda yake noman wasu furanni da yake kaiwa gasa, amma bai taɓa zuwa jami'ar ba. Muka hau bas. Da muka shiga ɗakin gilashi bai ma dubi accar sosai ba. Sama ya ɗaga kai yana kallon manyan fitilun da ke rataye a kan tumatirin wani ɗalibi, a gefen tukwanena. Ya tambayi mai kula da wurin ƙarfe nawa ake kashe su. Aka ce da hunturu sai goma ta wuce. Da bazara kuwa ba a bukatarsu, domin a ƙasar rana kan kai kusan ƙarfe goma ba ta faɗi ba.

Ya juyo ya ce da ni, da Turanci wannan karon don Hausarsa ba ta kai ba, "Furannina ma haka suke. In ina so su buɗe da wuri, baƙin ƙyalle nake rufa musu tun da sauran rana, su ɗauka kaka ta yi. Ciyawarka tun da ta zo ƙasar nan ba ta ga dare irin na gidansu ba."

Kunya ta rufe ni. Na karanta wannan abu a littafi game da wasu tsire-tsire, na ma amsa tambaya a kansa a jarrabawa na ci. Amma ban taɓa haɗa shi da accar uwata ba, domin a gida bambancin tsawon rana tsakanin damina da kaka kaɗan ne, mutum ba ya lura. Ashe ita tana lura.

Muka haɗa akwatuna da katako, ya ba ni baƙin ƙyallensa. Na shuka rabin abin da ya rage, na ɓoye sauran. Ƙarfe shida na yamma in rufe, bakwai na safe in buɗe. Ban gaya wa kowa a sashenmu ba, don tsoron kada wannan ma ya ƙi. Mako uku babu komai. Na fara cewa a raina ko Mama ta tsufa ne, ko tsohon nan furanninsa kawai ya sani. A cikin mako na huɗu, wata safiya, na ɗaga ƙyalle na durƙusa kamar kullum, na buɗa ganye, sai ga wasu siraran yatsu uku sun leƙo, ba su fi zare kauri ba. Na duba tukunya ta biyu, akwai. Ta uku, akwai. Na zauna a ƙasa a kan siminti mai jiƙe, na daɗe ban tashi ba. Kukan da ban yi wa Baba ba, ranar na yi shi.

Saratu ba ta tsaya nan ba. Ta shiga zumuntar mata da maganar, aka aika ƙauyuka, daga wajen Zonkwa zuwa Gidan Waya, har wata da ta yi aure a Kasuwan Magani ta aiko da nata. Sashenmu ya sabunta mini takardar izinin shigo da iri, sai ga ƙunshi ya iso. Ƙulli goma sha bakwai ne a cikin tsummokin zane, kowanne da 'yar takarda da rubutun Saratu: sunan matar da ta bayar, ƙauyensu, abin da suke kiran irin, da abin da ta ce game da lokacinsa. Na jera su a kan gado ina shinshina tsummokin. Warin hayaƙin gida yana jikinsu.

Da Farfesa ya dawo na kai shi ya gani. Ya daɗe yana juya kan accar a tafin hannunsa, ya karanta takardun Saratu ɗaya bayan ɗaya ina fassara masa. Ya ce, "Ka bar maganar taki. Tambayarka ke nan. Wane iri ne yake bukatar dare mai tsawon nawa, kuma me ya sa matan nan suke ajiye iri fiye da ɗaya." Shekara biyu sun riga sun tafi. Ya rubuta wa ma'aikata yana roƙon a ƙara mini shekara guda. Wata huɗu babu amsa, ina aiki ban sani ba ko gobe za a ce in tattara. Daga baya suka yarda, da gargaɗin cewa babu ƙari bayan wannan.

Wata goma sha huɗu na yi ina rufewa ina buɗewa, kowane akwati da nasa lokaci. Babu Lahadi, babu Kirsimeti. In ka makara rana ɗaya, ka ɓata gwajin wata biyu. Sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku. Mista Ata, da ciwon gwiwarsa, shi ya riƙa hawa bas safe da yamma da takardar lokutan a aljihu. Da na warke na yi masa godiya, ya ce, "Jirgi ba ya jira. Na saba."

A watan Satumba na 1977 aka kira ni kare kundina. Masu jarraba ni mutum biyu ne, ɗaya daga jami'armu, ɗaya baƙo, wani tsoho da ya yi shekaru yana binciken gero a Afirka. Farfesa ba shi da izinin magana. Awa uku suna bin kundin shafi-shafi. Tun ina fargaba har na manta da ita, domin na lura abin da suke tambaya na san shi, ba daga littafi ba, daga gwiwoyina da suka yi kanta a kan siminti. Can wajen ƙarshe baƙon ya buɗe wani shafi ya ce iri biyu daga cikin goma sha bakwai sun fitar da kai a gwaji na farko, sun ƙi a na biyu, alhali tsawon daren ɗaya ne. Me ya sa?

Na san wurin. Na yi fatan ba za su gani ba. Akwai bayani mai daɗin ji da zan iya ƙagawa nan take, har ya zo mini baki.

"Ban sani ba," na ce. "Ina zaton zafin ɗakin ne ya bambanta, amma ban auna ba, don haka ba zan iya cewa shi ne ba."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta wani abu. Aka ce in jira a waje. Na tsaya a baranda ina kallon ƙofa, na tabbata na kashe kaina da bakina. Na fara tsara yadda zan gaya wa Saratu. Minti ashirin aka yi, sannan aka buɗe. Baƙon ya miƙo hannu ya ce, "Barka, Dokta. Akwai gyare-gyare, za su ɗauke ka mako shida. Iri biyun nan kuwa, in ka koma gida ka auna zafin ka rubuto mini, ni ma ina so in sani."

Na yi tsammanin zan yi tsalle. Gajiya ce kawai ta sauko mini. Na fahimci cewa abin da suka ba ni ba shaidar na san komai ba ce. Shaida ce cewa a kan wannan ɗan ƙaramin abu, in na ce haka ne za a iya dogara da maganata, in kuma ban sani ba zan faɗa.

Ranar da zan tafi Mista Ata ya raka ni tasha. Bai iya sallama mai tsawo ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Gaida Kafanchan. Gaida uwargida. Tafi, maza." Ya rasu bayan shekara biyu, wani maƙwabcinsa ne ya rubuto mini.

Na iso Kafanchan a jirgin rana cikin Nuwamba. Saratu tana tsaye da yara uku. Ta rame ita ma. Turai, da ban taɓa gani ba sai a hoto, ta ɓuya a bayan zanen uwarta, da aka ce ta gaishe ni ta ce, "Sannu, Malam." Bayan kwana biyu muka tafi ƙauye. Na fara zuwa kabarin Baba. Da na dawo na tarar da Mama a tsakar gida tana sheƙar acca. Ta sa aka kawo mini kujera, ta ce da yarenmu in gaya mata abin da na rubuta a littafin da ya hana ni binne ubana.

Na ɗauko kundin na yi mata bayani a hankali: cewa akwai accar da ke jiran dare ya yi tsawo, akwai wadda ba ta jira, kuma shi ya sa mai iri biyu ba ta rasa abinci ko ruwa ya yi gardama.

Ta dakata da faifan a hannu. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

"Wannan ai kowace mace ta sani."

"Kun sani," na ce. "Amma ba a rubuta ba. Yanzu an rubuta, an auna, wanda bai taɓa ganinku ba zai iya karantawa ya yi aiki da shi."

Ta dubi kaurin littafin. Sannan ta ce, "Sun san daga wurin wa ka ji?"

Na buɗe shafin da na jera sunayen mata goma sha bakwai da ƙauyukansu, nata a sama. Ba ta iya karatu ba, amma ta goge hannunta a zane ta ce in nuna mata nata. Na ɗora yatsanta a kai. Ta ce in karanta sauran. Ina karantawa tana gyaɗa kai, a wurare uku ta tsayar da ni ta ce wannan ta rasu bara, wannan ta rasu bana.

Da na gama ta ɗauki faifanta ta ci gaba da sheƙa.

"Gobe ka ari keke," ta ce. "Waɗanda suka rage, ka bi su gida-gida ka nuna musu."